Kai iyali wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara daga Jidda: amsa ga mai tambaya

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah mazaunin Jidda, mai fasfo ɗin Najeriya da iƙamar aiki, wato takardar izinin zama a Saudiyya, wanda yake son ya kai maiɗakinsa da 'ya'yansu uku, masu shekara 12 da 8 da 4, tare da mahaifiyarsa, hutun mako guda a wani dutse da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. A cikinsu babu wanda ya taɓa taka ƙanƙara. Yana son sanin ƙasar da ta fi dacewa, da lokacin tafiya, da abin da ya kamata ya tanada.

Alhaji, Allah ya sa albarka a wannan niyya, domin faranta wa iyali ibada ce. Na daɗe ina shirya wa iyalai tafiye-tafiye daga nan Jidda, kuma abin da nake fara gaya wa duk magidancin da ya zo mini da irin wannan buƙata shi ne ya manta da sunan dutse da hotunan da ya gani a waya, ya dubi mafi rauni a cikin ayarinsa. A naka ayarin, ɗan autanka mai shekara huɗu da Hajiya mahaifiyarka su ne ma'auni. Wurin da ya yi musu daidai zai yi wa kowa daidai, wanda kuwa ya wahalar da su zai ɓata wa kowa hutun, ko da kuwa shi ne mafi shahara a duniya. Wanda bai taɓa zamiya ba ba ya buƙatar dutse mai hanyoyi ɗari. Gangare ɗaya mai sauƙi yake buƙata, da mai koyarwa mai haƙuri, da ɗaki mai ɗumi kusa.

Takardu su ne farko, tun kafin ka biya ko riyal ɗaya na otal. Bizar fita da dawowa, wato huruj da auda, taka ta wajen kafilinka, wato wanda ya ɗauke ka aiki, za ta fito, ta iyalin da ke ƙarƙashinka kuma kai ne za ka fitar musu ta Abshir, manhajar gwamnatin Saudiyya, kuma kuɗinta riyal 200 ne ga kowane mutum idan ta tafiya ɗaya ce ta wata biyu. Wannan mai sauƙi ne matuƙar iƙamar kowa tana da rai kuma babu bashin kuɗin iyali a kanka. Inda mutanenmu suka fi yin tuntuɓe shi ne zaton cewa iƙamar Saudiyya tana buɗe kowace ƙofa. Fasfo ɗin da ke hannunka shi ake fara dubawa. Maƙwabcinka Bahaushe mai takardar zama ɗan ƙasar Saudiyya yana shiga Jojiya ba biza, Turkiyya ma ta ɗauke wa 'yan Saudiyya biza tun ƙarshen 2023, amma kai mai fasfo ɗin Najeriya hukuncinka daban ne. Turkiyya sai ka nemi biza, kuma ina ba ka shawara ka fara nema wata biyu kafin tafiya. Jojiya kuwa, da can tana barin masu iƙamar ƙasashen yankin Gulf su shiga, amma a 2025 ta tsaurara wa 'yan wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Sudan, ta ce sai iƙamar tana da sauran aƙalla shekara guda a ranar shiga. Tunda yawancinmu shekara-shekara ake sabunta mana, ka ga wannan sharaɗi ba ƙarami ba ne. Ka tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar da kanka, domin irin waɗannan dokoki suna sauyawa. Idan kuma Hajiya da bizar ziyara take zaune a wurinka, to nata lissafin daban ne gaba ɗaya, domin sai an tabbatar bizar tata tana ba ta damar fita ta sake shigowa.

Game da wuri, kada ka sa rai da cikin gida. Dusar ƙanƙara takan sauka a Jabalul Lauz da ke yankin Tabuk a wasu shekaru, mutane su yi tururuwa su ɗauki hoto, amma ba wurin zamiya ba ne, kuma ba a iya tsara tafiya a kanta. Duwatsun Alps na Siwizalan da Ostiriya da Faransa sun fi ko'ina tsari, sai dai tsadarsu da wahalar bizar Shengen da ake shiga waɗannan ƙasashe da ita, wadda kuɗinta kaɗai yuro 90 ne ga babba, sun sa ba na ganin hikimar kai mutum shida can don koyon matakin farko. A bar su sai yara sun iya. Abin da ya rage mana na kusa shi ne Turkiyya da Jojiya da Azarbaijan. A Jojiya sunan da ya fi fita shi ne Gudauri, mai tazarar kusan kilomita 120 daga Tbilisi, amma masaukansa suna kan tsayin kusan mita 2,200, babu itatuwa, kuma ya fi dacewa da waɗanda suka riga suka ƙware. Bakuriani ya fi shi dacewa da iyali, domin yana kan mita 1,700, cikin dajin itatuwa masu kare iska, kuma yana da filayen koyo masu faɗi. A Azarbaijan akwai Shahdag, wanda aka buɗe a 2012, kuma an gina shi da iyalai a zuciya, sai dai tafiyar mota daga Baku ta kai awa uku.

Ni dai, da ni ne kai, Turkiyya zan nufa a wannan karo na farko. Dalilina ba ingancin ƙanƙara ba ne. Abinci halal ne ba sai ka yi ta tambaya ba, masallaci ba ya wuya, agogonsu ɗaya ne da namu na Saudiyya don haka barcin yara ba zai rikice ba, jirgi kuma daga Jidda zuwa Istanbul bai wuce awa huɗu ba. Wurare biyu ne zan sa a gabanka. Uludag yana saman birnin Bursa, ana hawansa da mota ko da talafirik, wato ɗan ɗaki mai tafiya a kan igiyar ƙarfe ta sama, irin wanda ka sani a Hada ta Ɗa'if amma ya fi shi tsawo nesa, otal-otal ɗinsa suna bakin gangaren, kuma idan ka sauka a filin jirgin Sabiha Gokcen tafiyar zuwa Bursa ba ta kai ta gajiyar da yara ba. Aibinsa cunkoso ne, domin mutanen Istanbul suna cika shi Asabar da Lahadi. Erciyes kuma yana kilomita 25 daga birnin Kayseri, dutse ne mai tsayin mita 3,917, gangarensa masu faɗi ne, farashinsa yakan fi sauƙi, amma babu itatuwa, kuma idan iska ta taso akan dakatar da kujerun hawa, wato kujerun da ke rataye a igiya masu kai mutane saman gangare. Falalarsa babba ita ce kana iya kwana a cikin gari, a tsayin da bai wuce mita 1,100 ba, ka hau da safe cikin kamar rabin awa, ka sauko da yamma.

Wannan zancen tsayi shi ne ya kawo ni ga abin da na fi so ka ɗauka da muhimmanci, kuma shi ne wanda littattafan yawon buɗe ido na Turawa ba za su gaya maka ba, domin ba mu suka rubuta wa ba. Ciwon sikila yana da yawa a cikinmu. Abubuwa uku ne suka fi tayar da shi, wato sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da ƙarancin iskar shaƙa, kuma dukansu ukun suna haɗuwa a kan dutsen ƙanƙara. Idan akwai mai rukunin jini SS ko SC a cikin yaranka, to kada ka sayi tikiti sai likitan da ke duba shi ya ce maka ga yadda za a yi, kuma idan ya ce a fasa, a fasa. Har mai AS, wanda yake zaune lafiya bai taɓa jin komai ba, likitoci sun san cewa a kan tsauni mai tsayi saifarsa tana iya samun matsala, kuma alamarta ciwo ne mai tsanani a ɓangaren hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari. Ba kasafai yake faruwa ba, amma duk wanda ya ji irin wannan a sauko da shi a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita rukunin jininsa, domin likitan can ba lalle ne tunaninsa ya fara zuwa nan ba. Idan ba ka san rukunin jinin kowa ba, gwajin mai sauƙi ne, a yi shi tun a Jidda. Hajiya ma a kai ta a duba hawan jini da zuciya, mai asma kuma ya tafi da abin shaƙarsa a aljihun ciki, domin busasshiyar iska mai sanyi tana tayar da ita. Akwai ma'auni da kake da shi a hannu: Abha tana kan tsayin kusan mita 2,200, daidai da Gudauri da ƙofofin shiga filin zamiya na Erciyes. Idan kun taɓa kwana a Abha kuma wani ya yi fama da ciwon kai ko haki ko rashin barci, to ka zaɓi masauki a ƙasa. Idan kuwa kowa lafiya lau, masaukin da ke bakin gangare ya fi, don dalilin da zan ambata nan gaba.

Lokaci kuma, kakar takan fara daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Maris, amma Disamba ba ta da tabbas, wata shekara a je a tarar da ƙasa tsirara sai ɗan abin da injina suka fesa. Hutun tsakiyar shekara na makarantun Saudiyya yakan faɗo a Janairu, kuma lokaci ne mai kyau ta fuskar ƙanƙara, ko da yake shi ne mafi tsananin sanyi. Ka guji makon farko na Janairu a Jojiya da Azarbaijan, lokacin da baƙi daga Rasha da maƙwabta suke cika ko'ina saboda hutun sabuwar shekara, ka kuma guji hutun makarantun Turkiyya na mako biyu da ke zuwa a ƙarshen Janairu. Sannan ka tuna azumi yanzu yana cikin wannan kaka: a 2027 ana sa ran farawa wajen 8 ga Fabrairu, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya. Wannan ya sa hutun Ƙaramar Sallah, da zai faɗo a Maris a 2027, ya zama zaɓi mai kyau ƙwarai ga masu ƙananan yara, domin rana ta fi tsawo, sanyi ya sassauta, kuma a wurare masu tsayi ƙanƙarar tana nan.

Tufafi ne inda na fi ganin an yi asarar kuɗi, ta hanya biyu. Wani ya sayi komai sabo mai tsada don mako guda, wani kuma ya tafi da rigar sanyin da yake sawa a Madina. Sanyin hunturun Kano da ake hura wuta dominsa da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, can kuwa digiri 10 ƙasa da sifili ba abin mamaki ba ne, kuma duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Hawa uku ake sawa: na jikin fata wanda ba ya riƙe gumi, na tsakiya mai ɗumi, da na waje wanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Auduga ba ta da wuri a jikin fata, domin idan ta sha gumi sai ta yi sanyi ta manne. Allunan zamiya da takalma da sanduna da hular kwano duk haya ake ɗauka a can, a wurare da yawa ma har da riga da wandon waje. Abin da za ka saya naka shi ne na jikin fata, da safa doguwa ta ulu, da safar hannu mai hana ruwa, da tabarau. Yara a saya musu safar hannu biyu-biyu, domin kafin azahar ta farko ta jiƙe. Safa ɗaya tak ake sawa a cikin takalmin zamiya. Iyaye mata kan ninka wa yaro biyu ko uku don tausayi, sai takalmin ya matse, jini ya kasa zagayawa, ƙafar ta fi yin sanyi. A shagon haya za a tambayi nauyin kowa da tsawonsa da ko ya iya. A faɗi gaskiya, domin da wannan ake saita maƙalin da ke sakin takalmi idan mutum ya faɗi, kuma idan bai saki ba gwiwa ce take ɗaukar wahalar.

Maiɗakinka da 'yarka, idan mace ce babbar, ba sai sun bar suturarsu ba. Kayan zamiya da kansu masu rufe jiki ne kuma masu yalwa, sai a zaɓi riga mai sauka zuwa cinya, a sa ɗan hijabi mai shiga kai wanda ba shi da jela a ƙarƙashin hular kwano. Abaya da mayafi mai ja kuwa a bar su a ɗaki, domin suna iya maƙalewa a kujerar hawa ko a igiya, kuma haɗari ne na gaske. Makarantun zamiya da yawa suna da mata masu koyarwa, sai dai a nema tun kafin a iso. Kada kuma wani ya ce baƙar fata ba ta jin rana. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, yana shiga ido daga ƙasa, kuma wanda ya yini ba tabarau yana iya kwana idonsa na raɗaɗi da hawaye. Man kaɗanya yana taimakon leɓe da kumatu sosai, amma ba ya maye gurbin man kariya daga rana.

Kuɗin koyarwa shi ne wanda ba na yarda a rage. Miji ya koya wa matarsa, ko uba ya koya wa ɗansa alhali shi ma jiya ya fara, ƙarshensa kuka ne da ɓacin rai. A ɗauki mai koyarwa na makarantar da wurin ya amince da ita, awa biyu kowace safiya, kwana uku ko huɗu a jere. Ranar farko za ta ƙare ne a koyon tafiya da takalmi mai nauyi, da faɗuwa ta gefe, da tashi, da tsayawa ta hanyar haɗa kawunan allunan a gaba a buɗe bayansu. Kada ka sayi tikitin hawa na mako guda tun ranar farko, domin masu koyo suna yini ne a ɗan fili mai shimfiɗa mai motsi da ke jan su sama, kuma kuɗinsa daban ne, ya fi sauƙi. Hanyoyin suna da launi: kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. Ɗanka mai shekara 12 zai riga kowa iyawa, kuma a kwana na uku zai roƙe ka ka bar shi ya hau ja. Amsar tana bakin mai koyarwa. Ka kuma koya masa dokar da kowa yake bi a kan dutse, cewa wanda ke gabanka shi ke da hanya, kuma ba a tsayawa a tsakiyar gangare ko a bayan tudu inda mai saukowa ba zai hango ka ba. Ɗan autan kuwa, awa ɗaya ta ishe shi. Sauran lokacin a bar shi ya yi wasa da dusar, a ja shi a keken zamiya na yara, a riƙa duba yatsunsa da kunnuwansa da hancinsa. Idan wuri ya yi fari-fari ko toka-toka kuma ya ce ba ya ji, a shiga da shi ciki a ɗumama da ruwa mai ɗumi, kada a murza, kada a kara a jikin wuta.

A nan ne kusancin masauki yake nuna amfaninsa. Mu Malikawa mun san cewa wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya fita daga hukuncin matafiyi, don haka mai zaman mako guda zai cika sallarsa. Cire takalmin zamiya a yi alwala a banɗakin gidan abinci da ruwa mai sanyi, a mayar da ƙafa da danshi cikin safa, wahala ce da ke kawo sanyin ƙafa har yamma. Idan ɗakinku yana kusa, sai a yi darasi da safe, a dawo a yi azahar a ci abinci tare da Hajiya, ƙananan su yi barci, mai sauran ƙarfi ya koma na awa ɗaya bayan la'asar ko kafinta, tunda kujerun hawa sukan tsaya tsakanin ƙarfe huɗu da biyar. Hajiya ma ba za ta yini ita kaɗai tana kallon bango ba. A nema mata ɗaki mai taga da ke kallon filin koyo, a saya mata takalmi mai ƙasan roba mai kama ƙasa, domin santsin bakin ƙofar otal ya fi dutsen kansa kayar da tsofaffi, a kuma hau da ita talafirik rana ɗaya da hantsi idan gari ya yi haske. Ɗaki mai kicin yana rage kuɗi sosai ga mutum shida, kuma garin kunu da yaji da kuka ba su da nauyi a jaka. Kilishi dai a bar shi, don ƙasashe da yawa ba sa barin a shiga da nama. Idan Jojiya kuka nufa, a riƙa tambaya kafin a ci, domin naman alade yana shiga gasasshen namansu da cikin khinkali, wani abincinsu na kwaɓin fulawa mai nama a ciki, sau da yawa.

Akwai abu biyu na tsaro a masauki da nake roƙonka kada ka raina. A watan Janairun 2025 gobara ta tashi cikin dare a wani otal a Kartalkaya ta Turkiyya, mutum 78 suka rasu, da yawansu iyalai ne da suka je hutu da yara. Da kun shiga ɗaki, ka kama hannun yaranka ku bi matattakalar gaggawa har ƙasa, kowa ya san hanyarta. A watan Disambar 2024 kuma mutum 12 suka rasu a Gudauri cikin barci saboda iskar janareta da aka kunna a rufaffen wuri. Wannan iska ba ta da wari ba ta da launi, kuma ita ce gawayi yake fitarwa. Don haka kaskon turaren wuta, wanda iyayenmu mata ba sa rabuwa da shi, kada a kunna shi a ɗakin da aka toshe ko'ina saboda sanyi. A yi wa Hajiya bayani da ladabi tun a gida.

Inshorar lafiya da wurin aikinka ya yi maka sau da yawa ba ta aiki a waje, wadda kuma ake sayarwa tare da tikiti takan cire wasannin ƙanƙara. Ka nemi wadda aka rubuta a cikinta ƙarara cewa ta haɗa da zamiya, da ɗauko mutum daga kan dutse, da dawo da shi gida, ka kuma bayyana duk ciwon da wani yake da shi tun da farko, don kada a ƙi biya a ranar buƙata. Mota kuwa kada ka ɗauki haya ka tuƙa da kanka. Ƙwarewar titin Jidda zuwa Makka ba ta aiki a kan hanyar dutse mai santsi. Ka sa otal ya turo direban da ya saba, mai tayoyin hunturu da sarƙa, ka nemi kujerar yaro don ɗan autan, ku kuma yi tafiyar da rana. Otal da tikitin jirgi a ɗauki waɗanda ake iya sokewa har sai biza ta fito. Daren ƙarshe ku sauko ku kwana a cikin gari kusa da filin jirgi, domin dusa mai yawa tana iya rufe hanyar dutse na sa'o'i, kuma ka bar tazarar kwanaki tsakanin ranar dawowarku da ranar da huruj da audarku za ta ƙare, haka ma tsakaninta da ranar komawar yara makaranta.